Daga Ƙanƙarar Alaska Zuwa Hunturun Kakuri: Tarihin Tayar da Katafila

A cikin kalmomin da Hausa ta aro daga bakin masu injuna, kaɗan ne suka samu gindin zama irin "katafila". Asalinta sunan kamfani ne, wato Caterpillar na Amurka, amma Bahaushe ya mai da ita sunan duk wani inji mai tafiya a kan sarƙa, ko wane ne ya ƙera shi. Har kirari ya yi mata da sarkin aiki, ya kuma ara wa gwamna ko ɗan kwangilar da ba ya gajiya. A kudancin birnin Kaduna, daga Kakuri da Makera zuwa Kudenda da hanyar Kachia, har yau ana ganin tsofaffinta a filayen 'yan kwangila da na masu ba da haya. Fentinsu ruwan ɗorawa ya koɗe, wasu sun haura shekara arba'in, amma suna nan suna jiran mai ɗaukar su share daji ko yanka hanya.

Me ya sa waɗannan tsofaffi suka daɗe, alhali injuna da yawa da aka sayo bayansu tuni ciyawa ta rufe su? Wani ɓangare na amsar yana wurin da ba a zata, wato ƙasashen ƙanƙara. Sanyi da nisan daji ne suka tilasta wa maƙeran katafila su yi injin da mutumin da ke tsaye kusa da shi zai iya tayarwa, ya kuma gyara, da abin da ke hannunsa. Wannan tarbiyyar ce ta cece ta a ƙasar da ba ta san ƙanƙara ba, amma ta san mataccen batir da tsadar kayan gyara.

Injin da ba shi da tartsatsi

Laka ce ta haifi katafila. A ranar 24 ga Nuwamba 1904, Benjamin Holt ya gwada injin tururi da ya cire wa ƙafafu ya sa wa sarƙa, a dausayin da ke kusa da Stockton a jihar Kalifoniya, inda manyan injuna ke nutsewa. Sarƙar tana shimfiɗa nauyi a kan faɗin ƙasa, ta yadda inji mai tan da yawa ba ya danna ƙasa fiye da tafin ƙafar mutum sosai. Tafiyarta ta yi kama da ta tsutsar ganye, daga nan sunan ya samo asali. A 1925 kamfanin Holt ya haɗe da na abokin hamayyarsa C. L. Best, a 1931 kuma suka fitar da katafilarsu ta farko mai shan gas. Daga ranar matsalar sanyi ta fara.

Injin fetur yana da fulogi mai ba da tartsatsi. Injin gas ba shi da shi. Fiston ne ke matse iska har ta koma kimanin kashi ɗaya cikin goma sha shida na girmanta, zafinta ya haura digiri 500, sannan nozul ya feso mai ya kama da kansa. Duk wanda ya taɓa hura tayar keke ya ji bakin famfo ya yi zafi a hannunsa ya ga ƙaramin misalin wannan.

Sanyi yana kai wa wannan tsari hari ta fuska huɗu. Ƙarfen silinda mai sanyi yana shanye zafin iskar kafin mai ya kama. Baƙin mai yana yin kauri kamar manjan da ya kwana a hunturu, sai juya injin ya yi nauyi. Batir yana rasa kusan rabin ƙarfinsa idan sanyi ya kai digiri 18 ƙasa da sifili, daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Shi kansa gas ɗin yana ɗauke da kaki, irin wanda ake yin kyandir da shi, kuma da sanyi ya yi tsanani kakin zai fara daskarewa ya toshe matatar mai.

Ƙaramin da ke tayar da babba

Dabarar da injiniyoyin Caterpillar suka yi ita ce su manna wa babban injin wani ƙaramin injin fetur mai silinda biyu, wanda Amurkawa ke yi wa laƙabi da ɗan doki. Ba ya bukatar batir, domin maganeto ne ke ba shi wuta, kuma da igiya ko handul ake tayar da shi. Hikimar tana cikin yadda aka haɗa su. Ruwan da ke sanyaya ƙaramin shi ne ke zagaya jikin babban, don haka yana aiki yana ɗumama shi. Bututun hayaƙinsa kuma ya ratsa ta cikin hanyar da iska ke shiga babban injin, sai iskar ta isa silinda da ɗuminta.

Tayar da irin wannan katafila yana da ƙa'ida, mataki bayan mataki. Direba zai buɗe famfon fetur ya tayar da ƙaramin, ya bar shi ya yi zafi. Sannan ya ja sandar da ke sake bawul-bawul na babban injin don kada ya matse iska, ya haɗa haƙoran ƙaramin da na babban, ya fara juya shi a sake har allurar baƙin mai ta tashi, alamar cewa mai ya isa ko'ina. Daga nan ya mayar da matsin, amma bai buɗe gas ba tukuna, ya bar injin yana matse iska zalla yana tara zafi. A manyan samfura har giya biyu aka yi wa ƙaramin, ta ƙasa domin ranar da mai ya yi kauri. Sai a ƙarshe ya buɗe gas. Da babban ya kama, haƙoran za su saki da kansu. Ƙwararren direba ba ya kashe ƙaramin da makunni: yana rufe famfon fetur ne ya bar shi ya shanye na cikin kafireta, don kada girgizar aiki ta zubo fetur cikin baƙin mai ta tsinka shi. A rana mai ɗumi duk wannan mintoci kaɗan ne. A tsananin sanyi yakan ci rabin sa'a ko fiye.

Sauran maƙera sun bi wasu hanyoyi. International Harvester ya yi injin da ke tashi da fetur, idan ya yi zafi a ja sanda ya koma gas. Katafilar Fowler ta Ingila mai silinda ɗaya kuwa, takarda ake kunna wa wuta a cusa cikin kan injin, a sa harsashin da ba shi da dalma, a doke shi da guduma, ƙarfin fashewar ya tura fiston. Duk hanyoyin nan sun yi tarayya a abu ɗaya: babu wadda ta dogara da batir.

Makarantar ƙanƙara

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya yi wa wannan tsari babbar jarrabawa. A watan Maris 1942, bayan harin Japan a kan Pearl Harbor, sojojin Amurka fiye da 10,000 suka fara yanka hanya mai tsawon kimanin kilomita 2,700 daga Dawson Creek a Kanada zuwa cikin Alaska. Kusan kashi ɗaya cikin uku na sojojin baƙar fata ne, da yawansu daga jihohin kudu masu ɗumi. Katafila samfurin D8 ce ke gaba tana kayar da itatuwa. A ƙarshen Oktoba direbobi biyu, Refines Sims baƙar fata da Alfred Jalufka farar fata, suka haɗu da injunansu a tsakiyar daji, ɗaya daga arewa ɗaya daga kudu, kuma a ranar 20 ga Nuwamba aka yi bikin buɗe hanyar.

Yankin yana cikin mafi sanyi a nahiyar. A ƙauyen Snag, kusa da hanyar, an auna digiri 63 ƙasa da sifili a watan Fabrairu 1947. A irin wannan yanayi dokar farko ita ce kada a kashe inji: ana barin sa yana aiki dare da rana. Idan ya mutu, sai a hura wuta ƙarƙashin tukunyar baƙin mai, ko a tsiyaye man a kai shi kusa da murhu ya kwana. Ana gauraya gas da kananzir don rage kaki. Ba a ajiye katafila a kan laka da yamma, sai a kan gungume, domin da safe sarƙar ta manne da ƙasa, wanda ya matsa mata kuma ya karya wani abu. Ƙarfe ma yana gautsi a wannan sanyi, abin da zai lanƙwashe da rani sai ya tsage.

Rashawa sun bi wannan makaranta ta hanyarsu. Masana'antar Chelyabinsk da aka buɗe a 1933 ta fara ne da kwaikwayon katafilar Amurka, kuma injunanta masu shan gas sun riƙe tsarin ƙaramin injin tayarwa shekaru da dama. Da jerin gwanon injuna masu sarƙa suka ratsa kimanin kilomita 1,400 na ƙanƙarar Antatika suka kafa tashar Vostok a Disamba 1957, inda a ranar 21 ga Yuli 1983 aka auna digiri 89.2 ƙasa da sifili, sanyi mafi tsanani da wata tasha ta taɓa aunawa a doron ƙasa. Aikin bai rasa asarar rai ba. A ranar 6 ga Janairu 1956 ƙanƙara ta rufta da D8 ɗin wani matashin sojan ruwan Amurka, Richard Williams, a mashigin McMurdo, kuma filin jirgin saman wurin sunansa yake ɗauke da shi har yau.

Darasin da maƙera suka kwaso daga waɗannan wurare ya wuce batun sanyi. Inda kanti mafi kusa yake da nisan kilomita ɗaruruwa, dole a yi famfon mai da ke aiki da haƙora da sanduna kawai, a yi hannun silinda da za a zare a sa sabo ba tare da sauke injin ba, a kuma bar ƙarfe da kauri yadda zai karɓi walda.

Mokwa, Sakkwato da Kakuri

Da yaƙi ya ƙare, Ingila ta shiga ƙarancin man girki, sai ta juyo da injunan nan Afirka. A 1946 Frank Samuel na kamfanin UAC ya kawo shawarar noman gyaɗa da injuna a Tanganyika. An kwaso ragowar injunan sojan Amurka har daga Filifin, an mai da tankokin yaƙi taraktoci, amma saiwoyi da busasshiyar ƙasa suka cinye su. A 1951 aka yi watsi da shirin bayan asarar fiye da fam miliyan 30.

Arewacin Nijeriya ya samu nasa rabon. A 1949 aka kafa shirin noma na Mokwa, haɗin gwiwar gwamnati da hukumar raya ƙasashen mulkin mallaka ta Ingila. Katafila ta kayar da daji, amma kututture da saiwa suka riƙa karya garemani, shirin kuma ya ba manomi kashi ɗaya cikin uku kacal na amfanin da ya noma. Manoma ba su zo yadda aka zata ba, a 1954 hukumar ta janye. A shekarun nan ne kuma aka sa injuna masu sarƙa huɗar fadamun Sakkwato domin shinkafa, manomi yana biyan kuɗin kowace eka. Abin da shirye-shiryen suka nuna shi ne katafila ba ta gaza ture itace ba. Lissafin kuɗi, kayan gyara da ra'ayin manomi ne suka kayar da su.

Inda katafila ta ci nasara shi ne aikin gini, kuma a nan kudancin Kaduna ya shigo labarin. Tashar jirgin ƙasa ta Kaduna Junction, inda layin Legas ya haɗu da na Fatakwal, tana kudu da kogi, don haka duk wani kaya mai nauyi da ya taso daga tashar jiragen ruwa nan yake sauka. Layin dogo, ruwan kogi da shimfiɗaɗɗen fili suka jawo masana'antu: masaƙar Kaduna Textiles a 1957, masana'antar makamai a 1964, Arewa Textiles da UNTL a tsakiyar shekarun 1960, kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, sai matatar mai a hanyar Kachia a 1980. Kowanne sai da aka share masa fili, aka yanka masa hanya. A zamanin ne kuma aka gina madatsun Kainji, Tiga da Bakolori, daga baya Shiroro a kan kogin Kaduna kansa. Reshen UAC mai suna Tractor & Equipment ne ya daɗe yana dillancin Caterpillar a ƙasar, kafin harkar ta koma hannun Mantrac na iyalan Mansour na Masar, wanda ke da reshe a Kaduna.

Injunan zamanin arzikin mai, irin su D8K da ta fito a 1974 da D7G da ta biyo baya, galibinsu da batir da kik ake tayar da su, an daina yayin ɗan doki. Amma sauran gadon yana nan: da zarar inji ya kama, ba ya bukatar ko ɗigon lantarki don ya ci gaba da aiki. Muhimmancin wannan ya bayyana bayan Satumba 1986, lokacin da aka saki naira a kasuwa, dalar da a farkon shekarun 1980 ba ta kai naira ɗaya ba ta haura naira huɗu. Sabon inji ya gagari ɗan kwangila, masaƙu suka yi ta rufewa, Kaduna Textiles a 2002, UNTL a 2007. Sai makanikai da masu walda da masu dadiron ƙarfe, a Kakuri da Panteka da ke tsallaken kogi, suka riƙa yanka katafila ɗaya don raya biyu, suna cike haƙoran sarƙa da walda. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da hunturu ke tonawa

Sanyin Kaduna ba ya daskarar da gas. A Disamba da Janairu ma'auni yakan sauko ƙasa da digiri 15 da asuba, a Jos yakan yi ƙasa da 10. Kakin da ke toshe matatar mai a Alaska, a Kaduna ya taɓa zama kayan sayarwa, domin an tsara matatar da ke hanyar Kachia ta riƙa fitar da shi tare da kwalta da man shafe inji. Lafiyayyen inji ba ya jin wannan sanyi. Wanda ringinsa suka cinye ne ke jin sa, saboda matsin da ke isar sa a watan Afrilu ba ya isar sa a Janairu. Farin hayaƙi mai yaji a ido da sassafe gas ne da bai ƙone ba, kuma shaida ce a kan halin da silinda ke ciki. Mai son sayen tsohuwar katafila ya je ya gan ta da asubar hunturu, kafin mai ita ya ɗumama ta.

Ainihin abokin gabar inji a nan shi ne ƙura. Hazon hunturu, wanda yawancinsa ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, gari ne mai laushi da kaifi. Idan matatar iska ta huje, ko aka cire ta don wai inji ya sha iska, ƙurar za ta gauraya da baƙin mai ta riƙa goge silinda kamar takardar yashi. Ƙurar bana ce ke jawo wahalar tashi a hunturun baɗi.

Akwai al'adu biyu da ke ƙara ɓarna. Ta farko fesa sinadarin ita, ko maganin sauro, ko kanga tsumma mai fetur a bakin iska don inji ya tashi da sauri. Waɗannan suna fashewa tun fiston bai kai sama ba, suna karya ringi, idan kuma hita tana kunne wutar na iya fitowa ta bututun iska. Injin da aka saba masa da haka ba ya ƙara tashi sai da shi, don kullum ƙara lalacewa yake. Ta biyu ita ce cire tamosta, ɗan bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai inji ya yi zafi, bisa hujjar cewa kayan ƙasar sanyi ne. Injin gas yana son ruwansa ya kai wajen digiri 80. Idan ya yini ƙasa da haka, tururi yana taruwa a ciki ya haɗu da farar wutar da ke cikin mai ya zama asid. Shekaru da dama ƙa'idar Nijeriya ta yarda da gas mai farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali ta Turai 10 ce tun 2009. Wato darasin ɗan doki, cewa a ɗumama inji kafin a ɗora masa kaya, yana aiki a Kakuri kamar yadda yake aiki a Alaska.

Gyara kayanka

Sababbin injuna sun fi tsofaffin ƙarfi, sun fi su tattalin mai, hayaƙinsu ya fi tsabta, direba kuma ya fi samun kariya idan inji ya kife. Amma kwamfuta ce ke sarrafa nozul ɗinsu, suna bukatar gas mai tsabta ƙwarai, kuma wasu matsalolinsu ba a gano su sai da manhajar dillali. Ko a Amurka wannan ya zama rigima, har jihar Kolorado ta yi doka a 2023 da ta tilasta wa maƙera injunan noma su buɗe wa manoma hanyar gyara.

Ga ma'aikacin gwamnati ko shugaban kamfani da takardar sayen injuna za ta biyo ta teburinsa, tarihin nan ya bar tambayoyi uku da suka fi farashi muhimmanci. Wa zai gyara injin idan ya tsaya a daji, kilomita ɗari daga Kaduna? Da wane kuɗi za a sayi kayan gyaransa, naira ko dala? Zai jure man da ake sayarwa a gefen hanya? Rashin yin irin waɗannan tambayoyi ne ya cika harabar ma'aikatu da gawarwakin taraktoci tun daga zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976.

Akwai kuma abin da ya fi gaggawa. Mutanen da suka koyi aiki a hannun kamfanonin da suka gina madatsu da masana'antu a shekarun 1970, waɗanda ke gane ciwon famfon mai daga sautinsa, yanzu sun haura shekara saba'in. Iliminsu bai shiga littafi ba, balle littafin Hausa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da kwalejin injunan gandun daji ta Afaka duk suna cikin gari ɗaya da su. Ɗauko waɗannan dattawa su koyar, a naɗi bayaninsu, a rubuta shi da harshen da yaran gareji ke ji, ba zai ci kuɗin sarƙar katafila ɗaya ba. Injunan za su iya ƙara shekara ashirin idan an kula da su, amma masu gyaransu ba lallai su kai haka ba.